Daga Kotoka zuwa Jidda: Kilomita Nawa, Awa Nawa?

  

Mu 'yan ajin ƙarshe aka ba shafin darasi a littafin bana, kuma mun zaɓi wata tambaya da ake yi duk shekara a Nima da Maamobi da rumfunan Makola in lokacin Hajji ya ƙarato: shin daga Ankara zuwa Jidda awa nawa ne a jirgin sama? (Ankara tamu muke nufi, wato Accra, ba ta Turkiyya ba.) Ku tambayi alhazai uku, za ku sami amsa uku. Ɗaya zai ce awa 6. Ɗaya zai ɗauko tikitinsa ya nuna muku an tashi ƙarfe 10 na dare an sauka 7 na safe, ya ce to ku ƙirga, ba awa 9 ke nan ba? Hajiya kuwa ta ce ita dai kwana guda cur ta yi a hanya. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowa abin da ya auna daban ne, kuma kamar yadda za ku gani, bambancin ya taɓa sallar asuba, ya taɓa azumi, ya taɓa harami.

Mu fara da nisa. Kewayen duniya kusan kilomita 40,000 ne. Masana sun raba shi digiri 360, don haka digiri ɗaya ya kama kamar kilomita 111. Kowane wuri a bayan ƙasa yana da lambobi biyu: ɗaya tana faɗin nisansa arewa ko kudu daga layin tsakiyar duniya, wanda littattafanmu na Larabci ke kira haɗɗul istiwa'i, ɗayar kuma tana faɗin nisansa gabas ko yamma daga layin Girinwic. Wannan layi na biyu ba baƙo ba ne a wurinmu, ta Tema ya ratsa. Filin jirgin Kotoka yana digiri 5.6 arewa, kuma ɗan ƙiris yake yamma da layin Tema, bai kai rabin digiri ba. Filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda yana digiri 21.7 arewa, digiri 39.2 gabas.

To ga lissafin, kowa ya ɗauko biro. Daga 5.6 zuwa 21.7 digiri 16.1 ne. Ku ninka da 111, za ku sami kusan kilomita 1,790. Wannan shi ne hawan da za a yi arewa. Gabas kuwa digiri 39.3 ne, amma a nan akwai tarko. Layukan da ake auna gabas da yamma da su kamar ɓangarorin lemu suke in an ɓare shi: a tsakiya suna da faɗi, suna matsewa in an doshi sama ko ƙasa. A Ankara digiri ɗaya na gabas ya kusa kilomita 111, a Jidda ya ragu zuwa kamar 103. Muka ɗauki na tsakiyar hanya, wato 108, muka ninka da 39.3, ya ba mu 4,245. Yanzu muna da ƙafa biyu na kusurwa, ɗaya 1,790 ɗaya 4,245, sai a nemo doguwar da ta haɗa su da ƙa'idar Fisagoras da ake koya mana a makarantar boko. Amsa ta fito kusan 4,600. Lissafin da ya fi wannan tsanani, wanda ke la'akari da lanƙwasar duniya sosai, yana bayar da kamar 4,590, kun ga ba mu yi nisa da juna ba. Saboda haka mu riƙe: kilomita 4,600.

Kada wani ya ce wannan ilimin boko ne zalla, me ya kawo shi littafin makaranta. Malaman Musulunci sun sha wahalarsa tun da daɗewa, kuma alƙibla ce ta sa su. A zamanin Halifa Ma'amun, wajen shekara ta 830, an tura masana daji su auna tsawon digiri ɗaya. Albiruni ya rubuta littafi guda a kan auna nisan garuruwa, kuma cikin abin da yake nema har da alƙiblar garin Gazna.

Shi ya kawo mu ga abin da ya fi ba mu sha'awa a duk binciken. Wanda bai da ƙwallon duniya ya sayi lemu babba a Makola, ya ɗiga masa alama biyu, ya ja zare a tsakaninsu ya ɗame. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanya mafi kusa. A kan ƙwallon duniya, zaren da ya tashi daga Kotoka zuwa Jidda yana fita ne ta gabas maso arewa, kamar digiri 63 daga arewa. Alƙiblar Ankara kuwa kamar digiri 64 ce. Kun gani ko? Inda muke fuskanta sau biyar a rana a masallatan Nima, nan hancin jirgi ke fuskanta in ya miƙe hanya. Mutumin da ke zaune a kujerarsa yana kallon gaba, a jirgin da ya bi hanyar kai tsaye, kusan alƙibla yake kallo. A dawowa kuma tana bayansa.

Mu bi zaren mu ga inda ya bi. Yana fita Gana ta wajen Lome, ya yanki Togo da Binin a gurguje, ya shiga ƙasar Yarbawa ta kudu da Ilorin, ya haye kogin Kwara, ya wuce ɗan arewa da Abuja, ya bi ta wajen Jos, ya bi kusan ta kan Maiduguri. Daga nan ya taɓa ɗan tsinin Kamaru da bakin tafkin Chadi, arewa da Injamena, ya tsallake ƙasar Chadi, ya shiga hamadar arewacin Sudan, ya haye kogin Nilu a wajen Dongola, ya fito gaɓar Bahar Maliya arewa da Fot Sudan. Ruwan da ya rage tsakanin nan da Jidda kilomita 200 ne da 'yan kai.

Waɗannan sunaye tsofaffinmu sun san da yawa daga cikinsu tun kafin su ga jirgi. Alhazan ƙafa daga zangunan Gonja da Kumasi da Ankara ta Kano suke bi, su shiga Borno, su wuce Wadai da Darfur, su kai Nilu, su gangara Sawakin su nemi jirgin ruwa. Mu ɗauka mutum yana cin kilomita 25 kullum, ba ciwo, ba damina, ba tsayawa, kuma a kan zaren nan miƙaƙƙe yake tafiya: 4,600 a raba 25, kwana 184 ke nan, wata shida. Amma wa ya taɓa yin ta haka? Guzuri kan ƙare, a tsaya a yi noma ko ɗinki ko karantarwa a tara na gaba, don haka tafiyar takan ci shekaru. Da yawa ma ba su koma gida ba, jikokinsu na can Sudan har yau. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu mutanen da suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi.

Yanzu sai lokaci. Jirgin fasinja babba in ya hau sama ya daidaita, kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, yana gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa. Mu ɗauki 850. Idan aka raba 4,600 da 850 za a sami awa 5 da minti 25. Amma jirgi ba ya tashi da wannan gudun, ba ya kuma sauka da shi. Akwai hawa, akwai gangarowa, akwai jiran layi a sama in filin ya cika, kuma hanyoyin sama da aka shata wa jirage ba su miƙe sak kamar zare ba. A ƙara rabin awa ko fiye. To ga awa 6 ɗin alhaji na farko ta fito.

Don ƙannenmu su ji abin a jikinsu: 850 a awa yana nufin kilomita 14 a minti ɗaya. Daga Nima zuwa Makola bai kai kilomita 10 ba, amma ranar da hanya ta cushe trotro sai ya ci awa guda, mate na ta kiran fasinja, kowa na shan zafi. A wannan awar jirgin da ya riga ya kama gudunsa ya yi tafiyar da ta kusa Ankara zuwa Abuja. Kuma tafiyar da Risala ta ce a yi ƙasaru a kanta, wato buridi huɗu, mil 48, jirgi yana shafe ta cikin minti shida ko ƙasa da haka.

Iska ma tana da nata hannu. Gudun jirgi a cikin iska ake auna shi, ita kuma iskar can sama tafiya take yi. In tana tura shi daga baya da gudun 80, ya zama yana cin ƙasa 930 a awa, tafiyar ta koma ƙasa da awa 5 kaɗan. In ta tare shi ta gaba da 80 ɗin, ya koma 770, ta kusa awa 6 tun kafin a ƙara hawa da sauka. Awa guda ke nan ta shiga tsakani, a hanya ɗaya, a jirgi ɗaya. 'Yan'uwanmu na Bronx sun san wannan: tsakanin Kotoka da filin Kennedy na Niyok kilomita 8,200 ne, kuma zuwa yakan fi dawowa tsawo, don iskar saman Atlantika ta arewa daga yamma take kaɗowa.

Alhaji na biyu, mai awa 9, agogo ne ya ruɗe shi. Lokacin da ake rubutawa a tikiti na garin da ake ciki ne: na tashi agogon Gana, na sauka agogon Saudiyya, kuma Saudiyya tana gabanmu da awa 3. Jirgin da ya tashi 10 na dare ya yi awa 6 ya sauka ƙarfe 4 na asuba a agogonmu, wanda ya yi daidai da 7 na safe a can. A dawowa abin juyawa yake: a tashi Jidda 2 na rana, a sauka Kotoka 5 na yamma, mai kallon takarda ya ce awa 3 kawai aka yi. Dalilin shi ne duniya tana juya digiri 15 a awa, wato minti 4 kowane digiri. Digiri 39.3 sau 4 ya ba da minti 157, don haka rana tana riga mu tsayawa tsaka a Jidda da awa 2 da minti 37. Awa 3 ɗin agogo gwamnatoci ne suka cike don sauƙin aiki. Ku lura ba nisa ke kawo bambancin agogo ba. Landan ta fi Jidda nisa da mu, kilomita 5,100 ce, amma da yake arewa sak take, a lokacin sanyinsu agogonmu ɗaya da su.

Iyayenmu na kasuwa, nan ne abin ya shafe ku kai tsaye. In ɗanku ko mijinku ya tashi 10 na dare, kada ku zauna jiran waya sai 7 na safen Gana kuna cewa yanzu ya sauka; tun 4 yana ƙasa. Kuma in kuka kira Makka bayan an rufe rumfa an dawo gida an ci tuwo, a ce ƙarfe 9, to can sha biyun dare ne, kun tashi mai gajiya.

Amma abin da ya fi waya nauyi shi ne salla. Jirgin da ya doshi gabas rana yake tara. Kowace awa yana cin kamar digiri shida da rabi, wato minti 26 na rana. Ma'ana, duk awa ɗaya da ta wuce a agogon hannu, a wajen taga awa ɗaya da minti 26 ne suka wuce. Mu koma wa jirginmu na 10 na dare, mu ce a watan Yuni ne. Mun lissafa, alfijir zai same shi a saman Sudan wajen ƙarfe 2 na agogon Gana, rana kuma ta fito masa wajen ƙarfe 3. Mu a Nima mun saba jin kiran asuba bayan ƙarfe 4. Wanda ya bar agogonsa a lokacin gida, ya ja bargo ya ce bari huɗu da rabi ta yi, zai farka ya tarar rana ta daɗe da fitowa, jirgi ma ya riga ya sauka. Kuma tazarar da ke tsakanin alfijir da fitowar rana, wadda a ƙasa takan wuce awa guda, a cikin jirgin nan ba ta cika awa ba. Ga layin bayi, ga mutum ɗari uku ko fiye. Mai dabara da alwalarsa yake hawa in ya samu iko, kuma taga yake duba, don lokacin salla na wurin da mutum yake ne.

Azumi kuwa a dawowa yake nuna hali. Masu Umarar Ramadan da suka tashi Jidda 2 na rana, in suka sauka Kotoka agogon da suka ɗaura a Makka zai ce 8 na dare, an daɗe da shan ruwa a Harami, alhali ga rana nan tsaye a kan Kanda, sai bayan 6 za ta faɗi. Malamanmu sun ce faɗuwar ranar inda kake ita ce abin lura. Matafiyi dai yana da rangwame, ya sha ya rama, amma wanda ya zaɓi riƙewa ya san yininsa ya ƙaru da kusan awa uku.

Sai harami. Mutanen da suka fito daga Sham da Masar da Magrib miƙatinsu Juhfa ne, kusa da Rabig, arewa da Jidda. Na Yaman Yalamlam ne, ta kudu. Zarenmu kuwa ta yamma ya shigo, ta kan ruwa, tsakanin su biyun, bai bi ta kan ko ɗaya ba. Shi ya sa malamai suka yi magana mai tsawo a kan inda mai zuwa ta wannan hanya zai ƙulla niyya, wasu suka ce a sama in ya daidaita da miƙati, wasu suka yarda da Jidda. Wannan hukunci ya fi ƙarfin ajinmu, kowa ya tambayi malamin tawagarsa tun yana Hajj Village. Namu shi ne lissafi: kilomita 14 a minti. In aka yi shela a jirgi, mutum ya ce bari in buɗe jaka in nemo mayafina, minti biyar ya wuce, an ci kilomita 70. Bahar Maliya gaba ɗaya kamar kwata ɗin awa ake yi a kanta. Wanda kuma ya wuce miƙati ba harami, in bai koma ba, yanka ya hau kansa, kuɗin da ba a sa a lissafin adashi ba. Don haka tun a Ankara ake ɗaura mayafan, niyya kaɗai ake bari. In jirgin Madina ne, wanda nisansa daga Kotoka kamar kilomita 4,750 ne, babu wannan gaggawa, sai an fito za a yi harami a Zul Hulaifa, wato Abyar Ali.

Duk abin da muka faɗa a kan zare miƙaƙƙe ne, kuma ba kullum ake samunsa ba. Sararin sama ma yana da masu shi. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 aka rufe samaniyar ƙasar, kuma kun ga yadda zarenmu ya kwanta a kanta. Dole jiragen alhazan Afirka ta Yamma suka riƙa kewayawa, awoyi suka ƙaru, mai ya ƙaru, har kamfanonin da ke jigilar alhazan Najeriya suka nemi ƙarin kuɗi a shekarar. A watan Agusta na wannan shekarar Nijar ma ta rufe tata na 'yan makonni. In jirgi ya kewaya, maganar kallon gaba shi ne alƙibla ta canza, sai a duba allon da ke nuna hanya ko a tambayi ma'aikata.

Masu Umara da 'yan kasuwa kuma galibi ba jirgin kai tsaye suke samu ba, sai an ya da zango. Ta Alƙahira da EgyptAir, kamar 4,280 ne sannan 1,220, jimla 5,500. Ta Adis Ababa da Ethiopian Airlines, 4,310 da 1,410, kusan 5,700. Ta Dubai da Emirates, hanyar da matan Makola masu saro kaya suka fi sani, sai an wuce Makka an bar ta baya tukuna: 6,290 zuwa Dubai, a dawo 1,700, kusan 8,000 ke nan. Ga kuma zaman jira a tsakani, wanda wani lokaci ya fi tafiyar kanta tsawo. Tikiti mai arha ba lalle ne ya zama mai arha ga tsoho mai ciwon gwiwa ba. In za ku saya wa Kaka, ku duba awoyin jira kafin ku duba farashi.

Wani abu da ya ba mu mamaki shi ne Tamale. Tun 2016 alhazan arewa ke tashi daga can. Tamale tana kusan kilomita 450 arewa da Ankara a sama, sai mutum ya zaci ta rage musu hanya sosai. Lissafi ya ce daga Tamale zuwa Jidda kamar 4,480 ne, ragin bai wuce kilomita 110 ba, minti takwas a jirgi, don yawancin tafiyar gabas ce, Tamale kuwa arewa ta matsa, har ma ta ɗan koma yamma. Abin da aka rage wa mutanen arewa shi ne wahalar mota ta kilomita 600 da wani abu zuwa Ankara da kwanakin jira a nan.

Wannan shi ne lissafin Hajiya mai kwana guda, kuma a ganinmu nata ya fi kusa da abin da jiki ke ji. Ita daga ƙofar gida ta fara ƙirge. Daga Maamobi zuwa filin jirgi 'yan kilomita ne, amma akwai zaman sansani, auna kaya, duba fasfo, jiran a kira suna. A Jidda akwai tashar alhazai mai rufin tantuna, wadda aka buɗe a 1981, inda ake wani sabon layin. Sannan bas zuwa Makka, kusan kilomita 100, a lokacin da duniya duka ta nufi hanya ɗaya. Awa 6 ɗin sama su ne kashi mafi gajarta a ciki. Mai ciwon suga ko hawan jini da wannan lissafin zai shirya, maganinsa da ɗan abin taɓawa su zauna a jakar hannu, kada su shiga babban akwati.

Ga aiki ga 'yan aji na ƙasa da mu. Jirgi ya tashi Kotoka ƙarfe 1 na rana zuwa Madina, gudunsa 850, a ƙara masa minti 30 na hawa da sauka. Ƙarfe nawa zai sauka a agogon Gana, ƙarfe nawa a agogon Madina, kuma sallolin wane lokaci ne za su riske shi a sama? A rubuta a takarda da yadda aka bi aka samu amsar, a kawo ajinmu ranar Asabar ta farko bayan hutu.